Ɗan Maciji Ya Riga Ni Shiga Likkafani

Jiya na yi wani mafarki, kuma ba da dare ba. Da rana tsaka ne, na idar da azahar, na ɗan kishingiɗa a tabarma in hutar da bayana, shi ke nan aka tafi da ni.

Sai ga ni a ɗakina. Ɗakin nan dai nawa, da gadon ƙarfen da randar da komai, sai dai ƙofar ta koma rufi, taga kuma ta sauko ƙasa, rana na shigowa ta ƙarƙashin ƙafata. Ban damu ba. Na durƙusa na jawo akwatin da ke ƙarƙashin gado, don a raina lokaci ya yi da zan fito da likkafanina ya sha iska, don shekara uku ke nan rabon da in yi.

Likkafanin nan yayata Hansai ce ta kawo mini, Allah ya jiƙanta. Shekarar da ta je Makka ta sayo farin yadi, ta tsoma shi a zamzam, ta shanya a can, ta rungumo shi har gida, ta raba biyu. Ɗaya nata, ɗaya nawa. Ita ta shiga nata shekara tara ke nan. Nawa yana nan yana jirana. Duk abin da na mallaka a duniya an taɓa zuwa aronsa, turmi, tukunya, rariya, har takalmina, amma wannan ba wanda ya taɓa cewa in ba shi ya dawo da shi gobe.

Na buɗe ninki na farko, lafiya. Na biyu, lafiya. A na uku na tarar da shi. Ɗan maciji ne, bai fi tsinken tsire tsawo ba, ya naɗe kamar gammo, ya bushe ƙayau kamar kuɓewar bara. Yana kwance ta gefen dama, ya fuskanci gabas. Na san maciji ba shi da dama da hagu, amma wannan ta damansa yake kwance.

Na yi masa sallama, tunda ni na same shi. Ya amsa da wata 'yar murya kamar ana murza leda. Na tambaye shi yaushe a gari, ya ce damina uku. Wai sanyi ne ya koro shi wata rana da na bar akwatin a buɗe, ya ji ƙamshin kanumfari ya shige, kafin ya gama ɗumama jiki aka rufe murfi.

Na ce, "Wa ya rufe?"

Ya ce, "Ban ga fuska ba, Iya. Amma mai hannun tana tari irin naki."

Na ce tarin nan ya yi yawa a gari.

Muna haka Sahura, matar ɗana, ta sauko ta ƙofar rufi da tsintsiya. A can shara ciki ake yi da ita, daga tsakar gida a taro ƙura a kawo ɗaka a baza, kuma Sahura ta iya wannan aikin fiye da yadda ta iya na nan. Ta leƙa ta gan shi. Na ɗauka za ta yi ihu, sai ta ce ai abin da aka tsinta a bushe a cikin gida ba a jefar da shi kuma ba a ajiye shi, sai an kai ofis an ji matsayinsa. Na ce tun yaushe? Ta ce tun gobe.

Sai ga ni a ofis, macijin a tafin hannuna.

Ofishin a tsakiyar kasuwa yake, ba bango, ƙofa ce kawai a tsaye da kwaɗo, kuma kowa sai ya bi ta ƙofar. Layi ya yi tsawo, masu busasshen kifi, masu kuka, wata mata da ƙafar mijinta da ta bushe. Da yake ni ce ta ƙarshen zuwa, ni aka fara kira.

Mai ofishin na santa. Jar akuyar nan ce da na taɓa ɗaurewa a turke kwana uku don ta cinye mini shanyar barkono. Tana zaune a kujera mai juyawa, da tabarau a kan ƙaho. Duk takardar da aka miƙa mata sai ta karanta ta cinye, ta ce an adana. Ta dube ni ta ce kamar ta san fuskar. Na ce mutane suna kama. Ta ce haka ne, igiyoyi ma suna kama.

Na ajiye mata shi a tebur na yi bayani. Ta shinshina shi, ta tambayi inda aka same shi. Da na ce a cikin likkafanina, sai ta cire tabarau ta lashe shi ta mayar.

Ta ce dokar a fili take. Likkafani na wanda ya fara kwanciya a cikinsa a mace ne, ba na wanda aka sayo wa ba. Na ce to ai shi ke nan, ya cinye ni, tunda ga shi a mace. Ta ce a'a, a wurinsu busasshe daban, matacce daban. Muddin yana nan a haɗe, kai da jela, ko ɓawo ɗaya bai ɓalle ba, to baƙo ne ya sauka a gidana, likkafani nawa ne. Ranar da ya karye ko ya marmashe, ranar ya zama gawa, kuma a naɗe shi da yadin gaba ɗaya a kai shi.

Na ce, "Ni kuma fa?"

Ta ce, "Abin da aka samu a gidan."

Na yi tunanin abin da za a samu a gidan. Fari dai babu. Labulen ɗakin Sahura ne kawai mai faɗi, shuɗi, da zanen agwagi suna bin juna.

Na tambaye ta har yaushe zan riƙe shi a haɗe. Ta ce har in mutu, daga nan ba ruwansu. Ta ce in sa hannu. Na ce ban iya rubutu ba, ta ce ita ma haka, ta turo mini kwanon miyar kuka na tsoma babban yatsa na dangwala. Ta cinye takardar, ta ce ta yi gishiri.

Ina fitowa aka fara ruwa.

Ruwan can daga ƙasa yake tashi. Yana tsattsafowa ta tsakanin yatsun ƙafa, ya bi zane ya haura, ya tafi sama ya taru ya zama hadari. Mata suna fitowa da bokitai suna kifawa a ƙasa suna tara. Masu lema sun juya ta sun shiga ciki sun tsaya. Ni dai na san danshi ne maƙiyin busasshen abu, sai na cusa shi a ƙarƙashin ɗankwali, a tsakiyar kaina, inda ruwan zai isa a ƙarshe. Na ji shi yana cewa in taka a hankali, kitson nan nawa yana da gargada.

Na isa gida na zauna na yi shawara da kaina. Ni ba yau na fara ajiya ba. Na ajiye wake ya shekara biyu ba ƙwaro. Na ajiye daddawa, na ajiye kabewa, na ajiye maganar da surukata ta gaya mini shekara arba'in ba ta lalace ba. Ɗan maciji ba zai gagare ni ba.

Na fara da toka, yadda ake yi wa wake. Na tankaɗe ta a kasko, na kwantar da shi, na rufe shi sai kai. Ban gama wanke hannu ba sai ga kiyashi sun jero daga bakin randa har gaban kaskon, kowanne da hularsa. Na gabansu ya yi sallama ya ce sun zo gaisuwa, ya haƙuri, Allah ya sa ya huta. Na ce ba a yi mutuwa a gidan nan ba. Ya ce ba komai, ba sauri suke ba, za su zauna daga gefe. Suka zauna. Na ga na bayan sun zo da 'yan buhuna.

Na tono shi na karkaɗe, na ce bari in zuba masa garin barkono, ko kiyashi sa kama gabansu. Ya ce in rufa masa asiri, atishawa ɗaya zai yi ya rabu uku.

Na kai shi madafa na rataye a igiyar da ake rataye nama, ya sha hayaƙi. A can hayaƙi ƙasa yake yi, ya kwanta a gindin murhu kamar kyanwa, don haka sai da na sauko da igiyar har ta kusa taɓa ƙasa. Na juya in ɗauko ashana, na waiwayo na ga Sahura ta tsinke shi tana shirin ɓarawa a miya. Ta ce ta ɗauka kifi ne. Na karɓe shi daga hannunta. Shi ne ya ce mata an gode, amma ba ya shiga miyar da ba a soya albasa ba.

Ita Sahura ta ɗan yi boko, sai ta kawo tata dabarar. Wai a makarantarsu ta taɓa ganin maciji a cikin kwalba, an zuba masa ruwan nan mai wari da ake goge wurin allura, ya fi shekara goma yana kallon yara. Ta je ta samo kwalbar zuma da ruwan. Ta buɗe, warin ya tashi, wato ya sauka. Macijin ya shaƙa, sannan ya tambaya ko ba shi ne ɗan'uwan abin da ake sha a bayan tasha ba. Sahura ta ce kusan haka.

Ya ce, "Ban sha ina ɗanye ba, ba zan fara a bushe ba."

Na ce yaron nan ya fi wasu da na haifa tarbiyya. Sahura ta rufe kwalbarta.

Na zauna da shi a cinya. Kiyashi suna gefe suna ta hirar duniya, wani har ya yi alwala. Na duba jelarsa da kyau sai na ga 'yar tsaga, siririya kamar gashi. Ɗauka da ajiyewar da nake ta yi ce ta jawo. Damina uku yana kwance a yadin nan ba abin da ya same shi, wuni ɗaya a hannuna ya fara tsagewa.

Sai ga ni a bakin rijiya, amma ta ciki.

Ƙasan rijiyar fili ne fetal, da inuwa, da iska mai daɗi. Hansai na zaune a kan turmi a kife, sanye da nata likkafanin, ta ɗaura shi irin ɗaurin ƙirji tana tsince shinkafa, tana zubar da shinkafar tana tara tsakuwar. Ba ta tsufa ba, ba ta kuma yi ƙuruciya ba. Ta dube ni daga sama har ƙasa.

Ta ce, "Auta, har yanzu kina can? Me kike jira, a yi miki kati?"

Na ce ina jiran ta gama gyara mini wuri, na san ta da nawa.

Na nuna mata macijin na ba ta labari. Ta ce ita ta sha wahalar tsoma yadi a zamzam cikin turereniya, wata Baturkiya har ta taka mata ƙafa, ashe duk don in buɗe masauki ne. Na bar ta ta gama. Sannan na tambaye ta abin da ya kawo ni, na ce tsakani da Allah, a can ana duba yadi?

Ta ce ba mai dubawa. Nata ma tun daminar farko gara ta gama da shi, wannan da na gani a jikinta sabo ne kawai, ta saba da ɗaurawa. Ta ce in da don can ne, in shiga labulen agwagi abina, ba wanda zai ɗaga kai.

Na ce ba don can ba ne. Don nan ne. Ige mai wankan gawa ce za ta wanke ni, kuma bakin Ige ba ya wanka. Kafin a kai ni ta gaya wa unguwa cewa ni Tanoma na shekara tamanin ban ajiye ko ƙyalle ba. Ba na so ranar in kwanta a tsakar ɗaki ana ta kai da kawo a kaina, ana a duba can, a tambayi wane, a aika kasuwa, ni ina jira. Na jira mutane da yawa a rayuwata, ba na so a ce har a nan ma sai da aka nemo mini. Kuma na ce mata, ban da wannan yadin ba abin da ya rage a ɗakina wanda hannunta ya taɓa.

Ta ci gaba da tsintar tsakuwarta. Can ta ce shinkafar bana ba ta da tsakuwar kirki.

Macijin ya yi gyaran murya a tafin hannuna. Ya ce shi fa ba rigima ya zo yi ba. Damina uku yana riƙe da kansa kada ya watse ya ɓata mini yadi, ko miƙa bai yi ba, kuma gaskiya ya gaji. Shi da za a bi tasa, ɗan abin da zai rufe shi ya ishe shi, me zai yi da yadi mai yawa haka, ko kafaɗa ba shi da ita.

Na dubi Hansai na ce in na yagi kaɗan daga gefen ƙafa fa?

Ta ajiye faifai. Ta ce ita ta auna ni da hannunta ina kwance, ta yanka daidai, ko faɗin farce ba ta bar rara ba. Na san gaskiya ta faɗa. Hansai ko gishiri za ta ba ka sai ta karkaɗe yatsunta a tukunyarta. Ta ce in na yagi yatsa huɗu, to yatsun ƙafata a waje za su tafi, Ige ta ƙirga su ɗaya bayan ɗaya.

Na ce na ji.

Sai ga ni a ɗakina, yadin a shimfiɗe a kan gado.

Na kama gefen ƙafa, na auna faɗin yatsa huɗu, na sa haƙorin da ya rage mini na ɗan tsaga bakin, na ja. Ya yage ba ƙara, sai da na gama sannan ƙarar ta iso, ta yi sallama ta wuce. Na shimfiɗa ƙyallen, na barbaɗa kanumfari, na kwantar da shi ta damansa. Na ce ya riƙe kansa na ɗan lokaci kaɗan. Ya ce to. Na naɗe shi tsaf, ba matsi ba sako, na zare zare uku daga bakin yadin na ɗaure kai, na ɗaure tsakiya, na ɗaure jela. Na samo gwangwanin da nake ajiye goro, na goge, na sa auduga a ƙasa, na ɗora shi, na sa auduga a sama.

Kafin in rufe na ce masa yanzu ya yi yadda ya ga dama. Na ji wani ɗan sauti a cikin ƙyallen, kamar an taka busasshen ganye a nesa. Ban tambaya ba.

Ina rufe murfin sai ga akuya ta sauko ta ƙofar rufi da kujerarta, wai ta zo duba baƙo. Kiyashi suka miƙe tsaye. Na miƙa mata gwangwanin, ta buɗe, ta ga ɗauri uku. Ta ce in kwance ta ga ko yana haɗe.

Na tambaye ta a dokarsu ana kwance likkafani bayan an ɗaure? Ta ce haram, ko a nan ko a can. Na ce to ni ma ban iya ba.

Ta ce ai in likkafani ne, to gawa ce a ciki. Na ce in gawa ce, ga ta a cikin likkafaninta, ta samu, wancan na kan gado kuma ba wanda ya taɓa mutuwa a cikinsa. In kuma ba gawa ba ce, baƙona ne yana barci, na lulluɓe shi don sanyi. Ta zaɓi wanda ya yi mata.

Ta daɗe tana tuƙa. Ta kai kunne jikin ƙyallen ta kira shi sau uku. Shiru. Ta ce bai amsa ba. Na ce ni ma in ina barci ba na amsawa, ta tambayi Sahura. Ta ɗaga gwangwanin za ta girgiza, na ce ta yi a hankali, in ya karye a hannun hukuma ban san wa za a naɗe ba. Ta ajiye shi da sauri.

Ta nemi takardar da za ta dangwala hukunci a kai ba ta samu ba, duk ta adana su. Sai ta ɗan ciji gefen tabarmata ta ce an rufe magana. Ta hau kujerarta ta tafi. Kiyashi suka naɗe buhunansu, na gaban ya ce ba komai, ai gidan na nan, sa dawo wani lokaci. Na ce Allah ya kai mu, ko ya kai ni.

Na sa gwangwanin a lungun akwati. Sannan na hau gado na kwanta a kan abin da ya rage, na ja shi har ka, na ce Sahura ta duba ƙasa ta gaya mini gaskiya. Ta ce yatsu goma duk a waje, har da ɗan kaushin dunduniya. Ta ce ko a ɗinka wani farin a ƙara? Na ce ba a haɗa yadin Hansai da na kasuwar nan. Ta ce to ko safa?

Na ɗan janye gwiwoyina sama. Na ce yanzu fa? Ta ce sun shige.

Na ce, "To ki riƙe wannan. Ranar, kafin in sandare, ki riga Ige shigowa ki ɗan lanƙwasa mini gwiwa. Kaɗan, yadda ba za ta lura ba."

Ta ce, "Iya, in ta lura fa?"

Na ce ta ce mata haka nake kwanciya tun ina yarinya, gadonmu ɗaya da Hansai kuma ita ke cinye wurin.

Ina nan kwance a cikin farin, ba zafi ba sanyi, ina jin ƙamshin kanumfari, har na fara tunanin ko in zauna haka kawai tunda an riga an gyara, sai na ji ƙarar ƙarfe tana shigo mini kunne, ƙur, ƙur, ƙur. Na buɗe ido. Sahura ce a tsakar gida take kankare ƙanzon tukunya da cokali, tana yi kamar tukunyar ta zage ta. Ƙofa tana inda take, rana ta karkata, la'asar ta kusa.

Na duba ƙafafuna a kan tabarma na gan su a lanƙwashe. Na bar su haka na ɗan jima, don in ji ko abin da mutum zai iya daɗewa a kai ne. Ba laifi.